Croix-Rousse, unguwar masaƙan siliki a birnin Liyon na ƙasar Faransa

Daga tashar Hôtel de Ville na shiga jirgin ƙasa na layin C, wanda ke hawa tudun Croix-Rousse a kan dogo mai haƙora saboda tsananin gangare. Mai niyyar zuwa ya hau da jirgi, ya sauko da ƙafa. Matakalu sun yi yawa, wanda ya faro daga ƙasa zai galabaita kafin ya ga komai.

Gidajen na fara tsayawa kallo. Dogaye ne, babu ado, sai manyan tagogi reras. Na'urar saƙa ta Jacquard, wadda ta bazu a farkon ƙarni na 19, ita ta jawo wannan fasali. Doguwa ce, sai aka riƙa ɗaga rufin ɗaki ya kai kusan mita 4, da ƙaƙƙarfan katako a sama wanda ake tokare ta da shi don kada ta yi rawa. Tagogin kuwa don haske ne: zaren siliki siriri ne, in ya tsinke a duhu ba a lura sai yadi ya ɓaci. Masaƙi da iyalinsa a wani ɗan benen katako suke kwana, cikin ɗakin aikin. Na'ura ta fi mai ita samun wuri.

A Maison des Canuts, gidan tarihin masaƙan siliki da ke titin Ivry, na ga yadda take aiki. Katunan kwali ne masu huda, an ɗinke su a jere, kowane kati na wucewar ƙoshiya sau ɗaya. Inda akwai huda allura ta shige, ƙugiya ta ɗaga zaren tsaye. Inda babu, zare ya zauna. In aka huda kati ɗaya ba daidai ba, aibin zai fito duk inda zanen ya maimaitu.

Na'ura ta masaƙi ce, amma siliki da zane na attajiri ne, shi ke yanka ladan aiki. A Oktoban 1831 aka yi yarjejeniya a kan mafi ƙarancin lada, wasu attajirai suka yi kunnen uwar shegu. Ranar 21 ga Nuwamba masaƙa suka gangaro, bayan kwana biyu suka ƙwace birnin. Farkon Disamba sojoji suka karɓe shi, aka soke yarjejeniyar. An sake gwabzawa a Afrilun 1834, jini ya zuba sosai.

A saukowa na bi ta lungunan da ke ratsa cikin gidaje, waɗanda ake cewa ta nan ake wucewa da yadi ba tare da ruwan sama ya taɓa shi ba. Mafi shahara shi ne Cour des Voraces, lamba 9 a Place Colbert, mai tsirarar matakala hawa-hawa. Akwai mutane a zaune a gidajen, don haka a je da rana, a rage murya. Wasu ƙofofin a kulle suke. Yawancin ɗakunan saƙar sun koma gidajen kwana, kuma dogon rufin nan shi ne yanzu ke ƙara musu kuɗin haya.