Saƙon asuba

Yau bayan sallar asuba saƙon ƙanwata ya shigo wayata da kalma ɗaya tak: "Yaya." Alamar da muka yi alkawari ke nan tun da likitanta a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna ya sa ta rubuta a wayarta abubuwan da ke nuna tunanin cutar da kanta ya dawo, da mutum uku da za ta nema, da lambar gaggawa ta 112. Na kira ta nan take, muka kusa awa guda, yawanci shiru, ina jin numfashinta da ƙarar Keke Napep a layinsu na Tudun Wada.

Sai da ta ce Umma ta shigo ɗakin hankalina ya kwanta. Ba zan ƙara kashe wayata da dare ba.