Ranar da Na Raka Ɗan Yayata Samaru

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau da sassafe ɗan yayata ya iso daga ƙauyensu da ke bayan Soba, yana rungume da baƙar leda wadda ya naɗe takardunsa a ciki kamar mai ɗauke da ƙwai. Tun makon jiya mahaifiyarsa ta kira ni ta ce tunda ni ne nake zaune a Zariya kuma nake koyarwa, in taimaka in gano abin da ya hana yaron samun gurbi a jami'a. Bara ya ci maki 231 cikin 400 a jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, yana kuma da kiredit biyar a NECO har da Turanci da Lissafi, amma har aka kammala ɗaukar ɗalibai sunansa bai fito ba. A gida tuni an yanke hukunci cewa rashin uwa a gindin murhu ne, kuma ni kaina, in faɗi gaskiya, haka na ɗauka.

Muka shiga bas daga Tudun Wada, muka bi ta Kwangila zuwa Samaru, inda akwai wata cibiyar kwamfuta da hukumar JAMB ta amince da ita. Bayan mun shafe fiye da awa biyu a layi, saurayin da ke aiki a wurin ya buɗe shafin yaron na bara, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya juyo ya tambaye shi ko ya taɓa ɗora sakamakonsa na sakandare. Yaron ya dube ni, ni ma na dube shi. Ashe lokacin da ya yi rajista sakamakon NECO bai fito ba, aka rubuta cewa yana jira, kuma babu wanda ya gaya masa cewa wajibi ne ya koma a ɗora sakamakon a manhajar CAPS, wadda JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinta, idan ya fito, domin ba a ba wa kowa gurbi sai da shi. Babu wanda ya danne masa hakki, babu wanda ya sayar da gurbinsa. Aikin minti goma ne bai san da shi ba, ya ci masa shekara guda, tunda makin JAMB ba ya ƙetare shekarar da aka yi jarrabawar. Bana ya sake zaunawa bayan ya yi damina da kaka a gona, ya samu 218.

A layin nan akwai wata yarinya a gabanmu tare da mahaifinta, wanda daga maganarsa na fahimci cewa ma'aikacin jami'a ne. Ban yi niyyar sauraron zancensu ba, amma kunne ba shi da marfi. Yana yi mata bayani a natse cewa makinta ba zai kai ta likitanci ba, saboda haka gara ta sauya zuwa wani kwas na kimiyya tun kafin a rufe, idan kuma hakan bai yiwu ba akwai makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Funtuwa, akwai kuma IJMB, shirin karatun gaba da sakandare da ke kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye. Hanyoyi uku ya shimfiɗa mata kafin layi ya zo kansu. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin abin da zan yi wa 'yata ke nan idan lokacinta ya yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaron da ke gefena bai taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ba, kuma a duk zuriyarsu babu wanda zai iya ambata masa su.

Ana yawan cewa tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya yi tanadi domin waɗanda aka bari a baya: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da ke da koma-baya a ilimi. To amma wannan rabo jiha yake dubawa, ba ya duban gidan da mutum ya fito. Ɗan farfesan da ya tashi a Samaru da ɗan manomin da ya yi sakandare ba tare da malamin Fiziks ba, duk 'yan Jihar Kaduna ne a takarda, kwando ɗaya aka zuba su. Tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin jarrabawar JAMB, ɗan yayata kuwa ya gaya mini a hanya cewa, "Kawu, ranar da na fara taɓa kwamfuta ita ce ranar jarrabawa, hannuna rawa ya riƙa yi." Hatta bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 sai ka riga ka shiga makaranta yake samunka, ba ya taimaka maka da kuɗin fom da na mota da na darasin share fage; shi wannan yaro, mahaifinsa sai da ya sayar da buhun masara kafin ya haɗa na biyun farko.

Da muka fito mun tsaya daura da babbar ƙofar jami'ar ABU, wadda aka buɗe a 1962 domin 'ya'yan Arewa su samu wurin karatu a gida. Ya daɗe yana kallon ɗalibai suna shiga da fita, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Mun ɗora sakamakon, mun kuma sauya masa kwas zuwa aikin gona, wanda ya ce yana so da gaske, ko da yake ina zargin ya faɗi haka ne don ya sauƙaƙa mini. Saurayin ya ja kunnenmu cewa a riƙa duba shafin akai-akai, domin idan gurbi ya fito dole ne a karɓa da wuri. Wayar yaron ba ta shiga intanet, don haka na rubuta lambobin sirrinsa a bayan littafin darasina, na ɗauki alkawarin dubawa kowace Juma'a. Na roƙe shi ya kwana, ya ce ba zai yiwu ba, gobe za su sa wa masara taki. Na raka shi tasha ya samu motar ƙarshe. Ɗazu Yaya ta kira tana tambaya ko an samu babban mutumin da zai tsaya masa, na daɗe ina yi mata bayani, amma ban tabbata ta yarda da ni ba.