Godiya ga Mutanen Mazaɓata Bayan Zaɓen Kansila

Assalamu alaikum iyayena, yayyena, ƙannena da 'ya'yana na wannan mazaɓa.

Zaɓe ya wuce, sakamako ya fita, kowa ya ji da kunnensa. Ranar Asabar 26 ga Oktoba, 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, aka bayyana cewa jam'iyyar NNPP mai mulkin jiha a lokacin ce ta lashe kujerun ciyamomi 44 da na kansiloli 484 gaba ɗaya. Kujerar da na nema tana cikin 484 ɗin nan, ke nan ban samu ba. Alhamdu lillahi ala kulli halin. Na kira ɗan'uwana da aka ce shi ya ci, na yi masa murna, na roƙa masa Allah ya taya shi riƙo. Masu aiko min da saƙon jaje kamar an yi rasuwa, ku kwantar da hankalinku, lafiyata ƙalau, jiya ma na buɗe shagon ɗinkina.

Yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta wannan tun kafin hidimar yau da gobe ta ɗauke mana hankali.

Daga gida zan fara. Maigida, Allah ya saka da alheri. Ranar da hotona ya fara hawa bango ba ni aka tara da magana ba, kai aka tara, a majalisa da bakin masallaci, har da masu tambayarka ko ka gaza ne da ka bar matarka ta shiga siyasa. Ba ka taɓa kawo min maganar gida ba, a bakin wasu na ji. Abokiyar zamana, Yaya, ke kika riƙe girki da yara duk tsawon yawon nan, ranar girkinki da ranar nawa, ba ki taɓa ɗaure min fuska ba. Masu cewa kishiya ba ta son ci gaban 'yar'uwarta su zo gidanmu su sha kallo. Kawunnaina da suka ƙi abin da farko, daga baya suka sa albarka, na gode da ƙin da kuma sa albarkar, domin tambayoyin da suka yi min a tsakar gida sun fi na duk wani taron kamfe zafi.

Matan adashenmu kuwa ban san da bakin da zan gode muku ba. Duk wanda ya bi labarin zaɓen nan ya san kuɗin fom ɗin kansila miliyoyin naira ne, abin da tela irina ba ta taɓa riƙewa a dunƙule ba. Wasu a cikinku suka bar min kwasarsu, alhali na san akwai mai shirin kayan ɗakin 'yarta, akwai mai jiran kuɗin don ƙara jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wannan bashi ne ba kyauta ba, ko da kun ce kun yafe. An rubuta komai, kuma za a mayar wa kowacce haƙƙinta bi da bi, masu aurar da 'ya'ya su ne a gaba. Na kuma gode wa ƙawata da ta raka ni gwajin ƙwaya na hukumar NDLEA da aka wajabta wa 'yan takara. Ni da ko goro ban cika ci ba, ga ni a layi da 'yar roba a hannu, ita kuwa tana gefe tana ta ƙyalƙyala dariya.

Makon zaɓen kansa bai zo da sauƙi ba. Arewa tana cikin duhu, kwana da kwanaki babu wutar lantarki, rijiyoyin burtsatse masu amfani da wuta sun tsaya, kuɗin jarkar ruwa ya tashi, litar fetur ta haura naira 1,000. Ga hukunce-hukuncen kotuna masu karo da juna, wannan ta ce a dakata, waccan ta ce a ci gaba, har daren Juma'a mutane suna kirana suna tambaya, “Hajiya, wai gobe za a yi ko ba za a yi ba?” A cikin wannan hali ne yaran nan 'yan adaidaita sahu suka riƙa ɗaukar tsofaffi zuwa rumfunan zaɓe da mansu, mai cajin waya na bakin titi ya ware wa wakilanmu layi guda a janaretonsa bai karɓi ko sisi ba. Wakilan akwati da kuka wuni a rana daga ku sai ruwan leda da biredi, na san wasu sun zo muku da tayin da ya fi abin da zan iya ba ku nesa ba kusa ba, kuka ƙi tashi. Allah ya ba ku abin da ya fi shi. Ƙanina da ya faɗi a babur wajen liƙa fasta, an ɗaure hannun, yana samun sauƙi, ku ci gaba da sa shi a addu'a.

Mai girma dagaci da masu unguwanni da limamanmu, kun karɓi duk ɗan takarar da ya zo gaisuwa hannu bibbiyu, ba ku nuna wannan naku ne wancan bare ne ba. Haka ya dace da ku, mun gode.

Akwai kuma waɗanda suka ce min a'a ido da ido. Wani dattijo, sa'an mahaifina, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “'Yata, maganarki gaskiya ce, amma ni ba na zaɓen mace.” Bai zage ni ba, har ƙofa ya rako ni. Na gode masa, ya fi min wanda ya karɓi atamfa da rantsuwa sannan ya ɓace ranar zaɓe. Ban yarda da ra'ayinsa ba dai. A jamhuriya ta farko matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita, sai a shekarun 1970 aka ba mu, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU sun sha ɗauri da duka a kan haka. Yau idan aka kafa layi a rumfar zaɓe, kowa ya san layin da ya fi tsawo. Wadda ake roƙon ƙuri'arta tun asuba ba ta yi kaɗan a ba ta kujerar kansila ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda saboda shi ne saƙon ya yi tsawo.

Ɗan takara namiji iyakarsa zaure ko dakalin ƙofar gida. Ni kuwa ciki nake shiga, in zauna a kan tabarma kusa da murhu, inda aka rubuta “ba a shiga”. Abin da na ji a can ba shi ake faɗa a taron jam'iyya ba. Babu matar da ta tambaye ni rikicin manya na Abuja. Ruwa suka fara kawowa: nawa ake kashewa a kan 'yan garuwa kullum, da yadda yarinya take makara a makaranta saboda layin famfo. Sai asibitin unguwa da ba a samun kowa in dare ya yi, mai naƙuda sai an nemo adaidaita an tafi cikin gari, wata kafin a kai ta haihu a hanya. Sai kwatar da take cikewa da leda, ruwan sama na farko ya komo cikin ɗakuna. Sai aji mai yara fiye da yadda malami zai iya kiran suna, duk a ƙasa. Iyaye maza suka ƙara da maƙabarta da ta cika, katangarta ta zube, da lungunan da ba a bi da waya a hannu bayan magariba. A gida biyu na zauna da uwayen da cutar mashaƙo ta ɗauke wa yara a barkewar da ta yi wa Kano mummunan kamu a 2023, ɗayarsu ta ce min ba ta taɓa sanin allurar rigakafin da ake yi wa jarirai tana kare wannan ciwon ba, da ta sani da ta kai shi. Duk na rubuta a littafi, layi-layi, unguwa-unguwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu ɗakin sun faɗa. Ba ni da ikon in rufe littafin nan in jefa ƙarƙashin gado don kawai ba a rantsar da ni ba.

Mafi yawan abubuwan nan kuwa aikin ƙaramar hukuma ne, ba alfarma ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 7, ya tabbatar da ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu, jadawali na huɗu kuma ya lissafa ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa da titunan unguwa, da sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Kuɗin ma akwai. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya duk wata. Shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, ciyaman ya ce gwamna ne, gwamna ya ce ciyaman ne, talaka ya rasa wanda zai kama. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda da kantomomin riƙo ba. Wannan hukuncin ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya. Hukunci a takarda daban, aiki da shi daban, amma aƙalla yanzu mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

A nan zan faɗi wata magana da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mu ma muna da hannu wajen lalata kansila. Aikinsa shi ne ya zauna a majalisar ƙaramar hukuma, ya duba kasafin kuɗi, ya yi dokokin yanki, ya tsaya a kan ciyaman sai an sa aikin mazaɓarsa. Mu kuwa mun mai da shi mai sayen ragon suna da biyan kuɗin magani. Tun kafin ya fito sallar asuba an yi layi a ƙofarsa. Albashinsa ba zai ɗauki wannan ba, to daga ina muke so ya samo? In ya saba da miƙa hannu ga ciyaman don ya sallame mu, da wane baki zai tambayi ciyaman ina kuɗin kwata? Ni dai roƙona, mu bar sabon kansilanmu ya yi aikin da aka zaɓe shi dominsa, mu kuma tambaye shi a kan wannan aikin, ba a kan aljihunsa ba.

Masu tambaya ko zan je kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, ba zan je ba. Kuɗin lauya ya isa ya gyara famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu a bayan makaranta, kuma ga bashin adashe a wuyana. Ra'ayina game da tsarin dai ba ɓoyayye ba ne. Mako guda kafin namu aka yi na Kaduna, APC mai mulki a can ta kwashe duka 23. Kusan duk jihar da ka duba haka abin yake, jam'iyyar gwamna ba ta barin ko ɗaya, kowace jam'iyya ce kuwa. Amma a Abuja, inda INEC take shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida na birnin, a 2022 APC uku ta samu, PDP uku. Ina tare da masu cewa a gyara yadda ake naɗa hukumomin zaɓe na jihohi ko a miƙa aikin ga INEC, kuma duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'armu nan gaba sai ya gaya mana matsayinsa a kan wannan.

Kafin nan akwai kujerun da ba sai an sayi fom ba. Kowace firamare ta gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin iyaye da al'umma da ake kira SBMC, namu ya daɗe yana barci, na nemi a sa ni a ciki. Tunda gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, gara a ji muryar makarantarmu lokacin da ake rabon kujeru da gyaran azuzuwa, kada a gama mu ce an manta da mu. Haka kwamitin raya mazaɓa mai kula da asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, da nufin a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Muna so mu san ko namu yana cikin masu karɓa, nawa yake shigowa, me ake saya da shi. Ungozomominmu biyu sun yarda su shiga, su suka fi kowa sanin gidan da ke da mai ciki da jaririn da ba a kai rigakafi ba. Matasa masu karatu kuma na ba ku aiki: duk wata ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga rabon tarayya, ku nemo na tamu a intanet, ku rubuta da Hausa da manyan baƙaƙe, mu liƙa a bakin kasuwa.

'Ya'yana na Facebook da TikTok, a daina zagi da sunana. Wanda ya ci ɗan unguwar nan ne, mahaifiyarsa tana zuwa islamiyya ɗaya da ni, gobe a gidan biki ko wajen zaman makoki za mu haɗu. Wanda kuma wani nawa ya ɓata wa rai a lokacin kamfe, ina nema masa afuwa, ni ma na yafe duk abin da aka faɗa a kaina. Fastocina da ke jikin katangar makaranta da ta maƙabarta da gidajen mutane, waɗanda suka liƙa su taimaka su ɓamɓare kafin Juma'a.

Za mu zauna ranar Asabar ta farkon kowane wata, bayan la'asar, a filin firamare, mata ɓangare guda maza ɓangare guda, kowace jam'iyya mutum yake. Na aika wa sabon kansila takardar gayyata tare da kwafin littafin nan, ya ce zai zo in an gama rantsuwa. Zaman farko a kan ruwa ne da yashe babbar kwata tun da rani, saboda haka masu shebur da baro su zo da shirin faɗin ranar da za su samu dama. Masu bencina da tabarmi da kulolin da aka aro don taro, suna nan a zauren gidanmu, a turo yara su ɗauka.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.