Ranar da aka ja ni gidan masu giyar inabi a Labanan

Tun farko dai bari in wanke kaina, ni ba na shan giya kuma ban sha ba. Wani abokina ne Kwara, haifaffen Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, da na je Beirut ya ce wallahi sai na raka shi Ghazir. Garin na arewa da Beirut, a kan dutse, ana hango tekun da ke gaban garin Jounieh daga sama. Hanyar duk kwana-kwana ce, kunnena har toshewa ya yi.

Gidan sunansa Chateau Musar, na dangin Hochar ne. Kakansu Gaston shi ya kafa shi a 1930 bayan ya dawo daga Faransa, a wani tsohon gini da ake ce wa Mzar, can aka samo sunan. Ɗansa Serge ya karɓi aikin a 1959, a Bordeaux ta Faransa ya yi karatu, kuma har ya rasu a 2014 da sunansa aka san gidan.

Abin da ya ɗaure min kai, babu gonar a wurin. Inabin na can kwarin Bekaa, bayan duwatsu, sama da teku da kusan mita 1000, da hannu ake tsinkewa a loda a manyan motoci a tsallako da shi. To ka tuna an yi yaƙin basasa a ƙasar daga 1975 zuwa 1990, shingaye ko'ina, harsashi na tashi, amma mutanen nan ba su fasa ɗauko inabi ba, a 1976 ne dai abin ya gagara ba su yi ba. Na tuna direbobinmu masu ɗaukar tumatir zuwa kudu, kayan da in ka yi jinkiri kwana ɗaya ya ruɓe a mota.

Muka gangara ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Sanyi, duhu, ga wani tsami-tsami da ya doki hancina. Kwalabe jere har rufi, ƙura ta rufe su, gizo-gizo ya yi saƙa a kai, ni da na ɗauka ƙazanta ce ashe da gangan ake bari. Mai zagayawa da mu ta yi bayani cewa su ba sa zuba yis na kanti, wanda ke jikin ɓawon inabin shi ke yin aikinsa a tankunan siminti, sannan a juye a gangunan katako na Faransa wajen shekara guda, kuma jar giyar ba a tace ta. Sai ta shekara 7 kafin a fitar da ita kasuwa. Bakwai fa! Na ce wa abokina, malam, wane ɗan kasuwar Kantin Kwari ne zai kulle jarinsa shekara bakwai a rami? Ya yi ta dariya.

Kuma ba sa damuwa in ta bana ta bambanta da ta bara, yadda shekara ta zo haka ake barinta. Wannan kam ya yi min, don manomi ya san damina ba ta maimaita kanta.

Da aka zo ɗanɗanawa na koma gefe da ruwan gora. Shi kuwa gogan ya sayi kwalba biyu, a mota ya naɗe su cikin rigar sanyina don kar su fashe, muka yi ta musu har Beirut.