Atisayen Karɓar Waɗanda Tururin Nukiliya Ya Shafa: Abin da Na Gani a Bakin Ƙofa

A bakin ƙofar sashen gaggawa aka ajiye ni ranar da asibitinmu ya yi atisayen karɓar ɗimbin mutane bayan haɗarin tururin nukiliya. Aikina tantancewa: wa zai wuce ciki nan take, wa zai tafi wurin wanki, wa zai iya jira. An barbaɗa wa 'yan sa-kai wata hoda mai ƙyalli idan an haska ta da fitila ta musamman, ita ce ta tsaya a matsayin burbushin nukiliya.

Motar farko ba ta ma iso ba, wata sabuwar ma'aikaciyar jinya ta matso ta ce, "Sista, in na taɓa su, ni ma zai kama ni?" Ban ga laifinta ba, tsoron nan yana zuciyar kowa. Abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai wanda tururin ya ratsa jikinsa ya wuce, kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙirji. Wannan ko ya kamu da mummunan ciwo, ba ya ɗauke da abin da zai shafa wa wani. Akwai kuma wanda burbushin ya maƙale masa a tufafi da gashi da fata. Shi ma da an tuɓe masa kayan sama, kusan kashi 90 cikin 100 ya tafi. Saura ruwan ɗumi da sabulu, ba dirza, domin fatar da ta kuje ƙofa ce ga burbushin. A fara da rauni, sannan ido da hanci da baki, sannan sauran jiki. Mu kuwa riga da takunkumi da safar hannu biyu sun ishe mu.

Inda atisayen ya fi taɓa ni shi ne lokacin da aka kawo wanda aka shirya a matsayin mai zubar da jini daga cinya. Aka tsayar da gadonsa a ƙofa ana jiran mai na'urar awon tururi ya gama da wani. Mai horar da mu ya dakatar da komai, ya ce da a ce da gaske ne, da mutumin nan ya cika a layi. Burbushin da ke jikin majinyaci da wuya ya yi wa mai jinya illa cikin ɗan lokacin da za a tsayar da jini, amma zubar jini na kisa cikin mintuna. Ceton rai ne farko, wanki ya biyo baya. Na sha karanta wannan, amma sai da na ga ƙwararrun ma'aikata sun ja da baya daga gado na san karatu kaɗai ba ya cire tsoro, sai hannu ya saba.

Sai kuma taron da ba mu yi wa shiri sosai ba: masu lafiya da suka zo cikin firgici. A birnin Goyaniya na Brazil a 1987, bayan an fasa wata tsohuwar na'urar gashin cutar kansa mai ɗauke da sinadarin siziyom-137 mai fitar da tururi, mutum kusan 112,000 aka auna, 249 aka samu da burbushin, huɗu suka rasu. A filin wasa aka yi yawancin awon, kuma dabara ce mai kyau. Idan irin wannan taro ya cika asibiti, masu ciwo na gaskiya ba za su samu hanya ba. Kuma waɗannan mutane ba abin kora ba ne, suna buƙatar a auna su, a yi musu bayani da fuska a sake.

Abin da ya fi na'ura amfani a hannuna shi ne agogo da biro. Yaushe ya fara amai? Wanda ya yi amai cikin awa guda bayan haɗarin, akwai alamar ya sha tururi mai yawa. Sai a ɗebi jini duk bayan awa shida ana duba fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait, saurin faɗuwarsu na nuna irin ɓarnar da aka yi wa ɓargo. Mutum na iya warwarewa na 'yan kwanaki kamar ya warke, alhali ɓargon na mutuwa. A haɗarin tashar nukiliya ta Cernobil a 1986, mutum 134 aka tabbatar sun kamu da wannan ciwo na shan tururi mai yawa, 28 suka rasu cikin watannin farko. Shi ya sa duk tiyatar da ta zama dole ake so a gama ta cikin kwana biyun farko, kafin garkuwar jiki ta faɗi.

Batun magani na buƙatar gyara a bakin jama'a, domin wasu na ɗaukar ƙwayar fotasiyam ayodaid maganin kowane irin tururi ce. Ƙwayar nan tayirod, wato wani ƙulli da ke cikin wuya, kaɗai take karewa, daga ayodin mai tururi kaɗai, kuma sai an sha ta gab da haɗarin ko 'yan awanni bayansa. Siziyom nasa maganin daban, wani shuɗi da ake kira furushiyan bulu.

Bayan atisayen mun ƙara gurbin lokacin fara amai a saman katin tantancewa, mun mayar da wurin awon masu lafiya can nesa da ƙofar gaggawa, kuma mun sa masu shara da masu gadi da direbobi cikin horo na gaba, tunda su ne ke fara taɓa majinyaci kafin ya iso gare mu.