Wasiƙa daga Shefild: daren da Baba ya zazzage jakar karyayyun ƙarafa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gajiya, yaya hunturu? Ko da yake maganar sanyi mu ya kamata a yi wa jaje. Daga Shefild nake rubuto muku, a arewacin Ingila, cikin watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu na yamma bai cika ba. Mutum ya idar da La'asar, kafin shayinsa ya huce Magariba ta shigo.

Masu kirana daren Talata su ji wayata a kashe sun fara ƙorafi, har Hajiyarmu ta sa a binciko mata ko na ƙara aure ne ban faɗa ba. To, ban ƙara ba. Taron ƙungiya nake zuwa, ƙungiyar injiniyoyin ƙarafa da sauran kayan ƙira ta wannan gari, inda nake riƙe da muƙamin sakatare shekara uku ke nan ba tare da an taɓa biyana ko sisi ba. Kuma ba kamfe na yi na samu ba. A taron shekara shugaba ya tambaya wa zai karɓi aikin, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, ni kuwa da ban san dawan garin ba na ɗaga kai don in ga abin da ya sa ɗakin ya yi tsit. Muka haɗa ido da shi. Shi ke nan, aka tafa mini. A gida na saba ganin ana raba shinkafa da hula saboda kujerar ƙungiya. A nan gudun kujerar ake yi, don duk wanda ya hau ta ya san wahala ya saya.

Akwai babbar cibiyar masana ƙarafa, kayan ƙira da ma'adinai ta ƙasa mai suna IOM3, wadda aka kafa a 2002 bayan haɗewar wasu tsofaffin cibiyoyi, ɗaya daga cikinsu asalinta ya koma 1869. Ita ke da ofis da ma'aikata masu albashi. Ƙananan ƙungiyoyi na garuruwa irin tamu da ke jingine da ita kuwa 'yan sa-kai ne zalla ke tafiyar da su. Daga Oktoba zuwa bazara muna zama da yamma bayan an tashi aiki, a gayyato mutum ɗaya ya yi magana ta kusan awa guda a kan abin da ya ƙware a kai: walda, tsatsa, narka ƙarfe, tangaran, kayan jirgin sama. Sai tambayoyi, sai shayi. Aikina shi ne neman mai magana, kama ɗaki, aika imel, tuna wa mutane, sake tuna musu, jera kujeru, tabbatar da majigi yana aiki, da rubuta bayanin taron kwamiti wanda na tabbata ma'aji kaɗai ke karantawa, shi ma don ya gyara mini lissafin kuɗin biskit. Riba ɗaya da na ci ita ce tun da sayen abinci ya dawo hannuna, naman alade ya ɓace daga faranti, aka koma cuku da kifi da kaza ta halal, kuma har yau ba wanda ya lura.

Garin nan da ƙarfe aka san shi. A nan Benjamin Huntsman ya gano narka ƙarfe a tukunyar yumɓu a shekarun 1740. A nan Henry Sorby, a 1863, ya goge ƙarfe har ya yi sheƙi, ya shafa masa ruwan asid, ya duba shi da madubin ƙara girma, ya ga ashe cikinsa ƙwayoyi ne a jere kamar tsaba, kuma yadda suka jeru ne ke sa ƙarfe ya yi tauri ko ya yi taushi. Aikin da nake ci da shi ke nan a ɗakin gwaji, fiye da shekara 160 bayansa. Amma wanda ya fi burge ni Harry Brearley ne, ɗan talaka da ya bar makaranta yana shekara 12, ya yi aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, yana zuwa makarantar dare. A watan Agusta 1913, yana neman ƙarfen da zai jure zaizayar cikin bututun bindiga, ya narka wani haɗi mai kashi 12.8 cikin ɗari na sinadarin kuromiyam, sai ga ƙarfen da ba ya tsatsa. Cokula da kwanonin da mata ke jerawa a ɗakin amarya suna ce musu silba, jikokin wannan haɗin ne. Manyan masana'antun kuwa mafi yawansu sun rufe a shekarun 1980. Katafariyar kasuwar Meadowhall da aka buɗe a 1990 a kan filin wata tsohuwar masana'antar ƙarfe take zaune, kuma wasu daga cikin dattawan da ke zuwa taronmu a wannan yankin suka yi ƙuruciyarsu gaban tanderu.

Ɗaya daga cikinsu nake son ba ku labari. Ya haura shekara tamanin, kuma kowa da sunansa gatsal yake kiransa, har ɗaliban da suka yi jika da shi. Ni bakina ya ƙi. Na ce masa a wurinmu ba a kama sunan babba, zan riƙa ce masa Baba. Ya tambayi ma'anar, na faɗa masa, ya ce ya karɓa da sharaɗin ba zai biya mini kuɗin makaranta ba.

Wata Talata ta Janairun bara, saura awa biyu a fara, mai maganar da na yi wata huɗu ina lallaɓa ya bugo waya cewa dusar ƙanƙara ta tsayar da jirgin ƙasan da ya hau. Na riga na sayi abinci, na aika tunatarwa, mutum kusan talatin na hanya. Cikina ya ɗuri ruwa. Na kira shugaba, bai ɗauka ba. Na kira Baba don in ce masa kada ya wahalar da kansa cikin wannan sanyi, sai ya ce in bar kujerun yadda suke, yana zuwa. Ya iso da wata tsohuwar jakar fata wadda da ƙyar yake ɗagawa, ya ce in kashe majigin, ya zazzage ta a kan tebur. Karyayyun ƙarafa ne: kusoshi, guntun sanda mai juya injin, haƙorin giyar inji, ɓallin sarƙa, kowanne a naɗe cikin tsumma da 'yar takarda mai ɗauke da shekara. Abin da ya tara ke nan a tsawon aikinsa na binciken dalilin karyewar kayan inji.

Ya ɗauki guntun sandar, kaurinta kamar damtsen yaro, ya miƙa wa wata ɗaliba da ke gaba, ya ce ta gaya masa daga ina karayar ta fara. Ta jujjuya, ta ce ba ta sani ba. Ya ce ta karkata shi wajen fitila. Sai ga fuskar karayar ta rabu biyu: ɓangare ɗaya sumul, da wasu layuka masu lanƙwasa bi da bi kamar sawun da ruwa ke bari a yashin bakin gulbi, ɗayan kuma gaba ɗaya kaushi. Ya ce ta bi layukan da farce zuwa inda suka tsuke. Ta bi har bakin ramin da aka yanka don makulli, wurin da kusurwar ta yi kaifi. Ya ce to nan ne. Tsaga ta fara ƙarama wadda ido ba ya gani, duk juyin da sandar ta yi tana buɗewa tana rufewa, tana ci gaba kaɗan-kaɗan, kowane layi alamar tsayawa ce da sake tayar da injin, har sauran lafiyayyen ƙarfen ya kasa ɗaukar nauyi ya ɓalle lokaci guda, wato ɓangaren mai kaushi. Wannan ake kira gajiyar ƙarfe. Nauyin da ya karya sandar bai kai rabin wanda take iya ɗauka ba. Yau da gobe ce ta ci ta. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya ga ɗan'uwan abin. Gajiyar ƙarfen nan ce ta tarwatsa jiragen sama biyu samfurin Comet a sararin samaniya a 1954, har sai da masu bincike a garin Farnborough na Ingila suka nutsar da gangar jikin jirgi sukutum a tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa, kafin tsagar ta nuna kanta kusa da kusurwar wata taga.

Abin da ya sa ɗakin ya yi shiru shi ne da ya ɗaga wata kusa, ya ce wannan laifinsa ne. Yana matashi ya sa hannu a takardar cewa ta yi, bai lura an yi mata rufin hana tsatsa ta hanyar da ke cusa iskar haidurojin cikin ƙarfe mai tauri ba, kuma irin wannan kusa takan zauna lafiya kwana ɗaya ko biyu bayan an ɗaure ta sannan ta fashe ba gargaɗi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ya faɗi yadda aka gano, da abin da ya kamata ya tambaya bai tambaya ba, wato ko an gasa kusoshin a tanda bayan rufin don iskar ta fita. Na je manyan tarurruka a otal-otal, a gida da waje, na ji jawabai masu yawa, amma ban taɓa jin injiniya ya tsaya gaban jama'a ya ce ga kuskurena, ku taɓa shi da hannunku ba. Kamfani ba ya bari a rubuta irin wannan. Sai a ɗakin aro, cikin mutum talatin da kofin shayi. Ranar sai da mai gadi ya zo yana kaɗa makullai kafin muka watse.

Muna kwashe kujeru Baba ya tambaye ni yadda maƙeran ƙasarmu ke ba wa wuƙa tauri. Na ce da sifirin ɗin tsohuwar mota suke ƙera adda da gatari, su zuga wuta da zugazugi har ƙarfen ya yi ja, su tsoma a ruwa ko baƙin mai. Ya ce daga nan fa? Ƙarfen da aka tsoma yana fitowa da tauri amma da saurin fashewa kamar kwalba, dole a sake ɗumama shi kaɗan. A nan, in ji shi, launi suke kallo, ruwan kara a wajen digiri 230 don abin yanka, shuɗi a wajen digiri 300 don abin da ake so ya lanƙwasa ya dawo. Naku wane launi suke jira, me suke kiransa? Na yi tsuru-tsuru. Ni da na tashi ina jin ƙarar masaba a kan uwar maƙera daga zauren maƙwabcinmu a Zariya, na yi digiri a kan ƙarfe, na san sunan kowace ƙwaya da Turanci, amma ban taɓa tsugunawa na tambayi mutumin ba. Ya rasu tun ina jami'a, Allah ya jiƙansa. Na iya ba Baba labarin tanderun Taruga na mutanen Nok na dā, a tsakiyar Najeriya, inda aka narka tama ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, don wannan a littafi yake. Na zauren da ke jikin gidanmu ne ban sani ba.

Tun daga ranar nake tunanin dattawanmu. An fara aikin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da taimakon Tarayyar Sobiyet tun ƙarshen shekarun 1970, aka tura matasa can koyon aiki. An buɗe masana'antar ƙarfe ta Aladja a 1982, da masana'antun murza rodi a Katsina da Jos da Oshogbo. Waɗanda suka kama aiki a wuraren nan suna samari yau sun yi ritaya, suna zaune a ƙofar gida, kowanne da tasa jakar karyayyun ƙarafan a cikin kai. Muna da ƙungiyoyin ƙwararru, ba na musu, amma a abin da na gani kafin in taho ƙarfinmu ya fi tafiya ga babban taron shekara: anko, babban baƙo na musamman da za a jira awa biyu, lambar yabo, hoto. Abin da ake yi a nan bai buƙatar ko ɗaya daga ciki. Aji ɗaya na kwalejin kimiyya da fasaha bayan Isha ko safiyar Asabar ya isa, a zaunar da tsohon injiniya da mai walda da Sarkin Maƙera da ɗalibai, a ajiye rodin da ya karye wajen lanƙwasawa a tsakiya, a ce kowa ya faɗi dalili, tunda ruwa ba ya tsami banza. Wahalar ba ta kuɗi ba ce. Wahalar ita ce samun wanda zai kama ɗakin wata bayan wata, ya jera kujeru, ya haƙura ranar da mutum shida kaɗai suka zo. Mu ma nan muna da irin waɗannan ranakun, kuma matasa sun fi son a sa musu taron ta intanet su kalla daga gado, ko da yake ban ga yadda za a bi layin karaya da farce ta allon kwamfuta ba.

Yanzu dai na jawo wa kaina. Baba ya kai maganar gaban kwamiti, an sa sunana a jadawali: watan Maris zan yi magana a kan ƙira a ƙasar Hausa, kuma ya ce zai zauna a layin gaba da tambayarsa ta launi. Don haka ina roƙon alfarma. Duk wanda ke kusa da maƙera, a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ya taimaka ya nemi izinin maƙeri ya ɗauko mini bidiyon lokacin da yake tsoma adda da abin da yake yi bayan ya fito da ita, ya tambaye shi sunan kowane mataki da bakinsa. In da hali a samo mini karyayyen gatari ko fartanya guda, kada a wanke bakin karayar, kada a goga ɓangarorin da juna, a naɗe kowanne daban cikin tsumma. Akwai mai tahowa daga Kano a ƙarshen Janairu, zai riƙo mini.

A gaida mutan gida. A kuma shaida wa Hajiya cewa Talata mai zuwa ma wayar a kashe za ta kasance.

Naku,
Sakataren dole, daga Shefild