Judi Dench: Kusan Shekara 40 a Dandamali Kafin Fim Ya Sa Duniya Ta San Ta

A gidan kallon bidiyo na unguwarmu na fara ganin Judi Dench, lokacin da aka sa mana fim ɗin James Bond mai suna GoldenEye, wanda ya fito a 1995. Mun shiga ne domin harbe-harbe da tseren motoci, amma abin da na fito da shi a raina shi ne wata 'yar gajeruwar dattijuwa mai gajeren gashi, wadda ta zauna a ofishinta ta wanke jarumin tas, ta gaya masa cewa shi ragowar zamanin yaƙin cacar baka ne, ba tare da ta ɗaga murya ko ta motsa daga kujerarta ba. A lokacin na ɗauka sabuwar fuska ce, ban san cewa matar tana da shekara 60 a duniya ba, kuma ta shafe 38 daga cikinsu tana wasan kwaikwayo a gaban jama'a.

An haife ta a birnin York na arewacin Ingila ranar 9 ga Disamba, 1934. Mahaifinta likita ne da ke duba 'yan wasan babban gidan wasan kwaikwayo na garin, mahaifiyarta kuwa, wadda ta tashi a Dublin, tana kula da tufafin wasa, saboda haka tun tana ƙarama gidansu bai rabu da 'yan wasa ba. Da farko zanen dandamali ta so ta koya, daga baya ta sauya shawara ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo a Landan, kuma a 1957 ƙungiyar Old Vic ta ba ta matsayin Ophelia a wasan Hamlet na Shakespeare. Masu sharhi ba su raga mata ba a wannan fitowa ta farko, sai dai ba ta karaya ba, har ta shiga ƙungiyar Royal Shakespeare a 1961. Ta sha ba da labarin yadda wani mai shirya fim ya dube ta a farkon shekarun nan ya ce mata fuskarta ba ta dace da fim ba, maganar da ta sa ta daɗe tana ɗari-ɗari da kyamara.

Akwai wani ɓangare na tarihinta da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba a cika ambatonsa ba. A 1963 ta biyo ƙungiyar gidan wasan Nottingham zuwa Afirka ta Yamma, suka zagaya Nijeriya da Ghana da Saliyo, inda ta fito a matsayin matar Macbeth a wasan Macbeth na Shakespeare. Ta ce masu kallo a nan ba sa zama shiru irin na Turawa, domin idan baiti ya yi amsa-amo mai daɗi sai su fashe da dariya su nemi a maimaita, ko da kuwa a tsakiyar wurin baƙin ciki ne. Duk wanda ya taɓa zama a dandali yana kallon wasa a ƙasar nan ba zai yi mamakin wannan ba.

A ganina, aikinta mafi nauyi shi ne komawar da ta yi kan matsayin matar Macbeth a 1976, a wani ƙaramin ɗakin wasa da ke garin Stratford na Ingila, ƙarƙashin jagorancin Trevor Nunn, tare da Ian McKellen a matsayin Macbeth. Babu fada, babu ƙawa, sai da'irar da aka zana a ƙasa da 'yan wasa zaune a kewayenta. An ɗauki wasan domin talabijin daga baya, kuma na kalli wurin da matar take tafiya cikin barci tana ƙoƙarin wanke jinin da babu shi a hannunta, riƙe da kyandir, har ta saki wani dogon kuka mai kama da na dabbar da tarko ya kama, wanda sai da na tsayar da hoton na numfasa. Bayan shekara 11 ta fito a matsayin Cleopatra tare da Anthony Hopkins, duk da cewa ita da kanta ta yi shakkar ko mace gajera mai shekara 52 za ta iya ɗaukar sarauniyar Masar, kuma a 1988 aka ba ta lambar girmamawa ta Dame.

Sauran labarin duniya ta san shi. Ta riƙe matsayin M, shugabar hukumar leƙen asiri, a finafinan Bond guda 7 har zuwa Skyfall na 2012, ta fito a matsayin Sarauniya Victoria sau 2, na biyun a 2017 a labarin shaƙuwar sarauniyar da hadiminta Musulmi ɗan Indiya, Abdul Karim. A 1999 ta karɓi kyautar Oscar saboda fitowar da ba ta wuce kimanin minti 8 ba a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Farko a fim ɗin Shakespeare in Love. Wasu sun ce an yi mata alfarma, amma ni ban yarda ba, domin wanda ya saba riƙe hankalin mutum ɗari bisa ɗari da muryarsa kaɗai, dare bayan dare, ba ya bukatar sa'a biyu kafin ya mallake fim.

Mijinta, ɗan wasa Michael Williams, wanda suka yi aure a 1971 suka haifi 'ya ɗaya, ya rasu a 2001 sakamakon ciwon dajin huhu. A 2012 kuma ta bayyana cewa tana fama da ciwon ido mai cinye tsakiyar gani, har ta kai ba ta iya karanta rubutun wasa da kanta, sai dai abokai su zauna su riƙa karanta mata tana haddacewa da ka. A cikin wannan hali ta yi fim ɗin Belfast na 2021, wanda ya sa sunanta ya shiga jerin 'yan takarar Oscar karo na 8, tana da shekara 87.